Karatun Jamus da Ban Je Ba

Lokacin da aka yanke Kabi daga Sakkwato ina koyarwa a wata firamare a Maiyama, ban daɗe da gama kwalejin aikin gona ba. Gidanmu yana Aliero. Mahaifina manomin albasa ne, kuma tun ina yaro abin da na fi tsana shi ne warin albasar da ta ruɓe a rudu, rumfar karan da muke ajiye ta don jiran tsada. Kowace shekara sai mun kwashe mai yawa mun zubar a bayan gari. Burina ke nan, in karanci yadda ake adana amfanin gona.

Wani likitan dabbobi da yake zuwa yi wa shanun Fulani allura shi ya fara gaya mini cewa akwai ƙasashen Turai da jami'o'insu ba sa karɓar kuɗin makaranta, ko daga baƙo. Na ɗauka ba'a yake yi. Da ya sake dawowa sai ya kawo mini adireshin wasu jami'o'i a Jamus, ya nuna mini yadda ake rubuta musu.

Na rubuta. Duk ranar kasuwar Jega sai in hau kabu-kabu in je gidan waya in tambaya, har ma'aikacin wurin ya riƙa girgiza mini kai tun kafin in yi sallama. Damina ta wuce, aka yi girbin gero, sannan amsa ta fara zuwa. Wasu sun ce a'a. Ɗaya ta ce ta ɗauke ni, da sharaɗin in fara da koyon Jamusanci, kuma in kawo shaidar cewa akwai mai ɗaukar nauyin cina da wurin kwanana. A nan na gane karatun ne kawai kyauta.

Na fara da neman tallafin gwamnati. A Sakkwato, a ofishin da na je, wani mutum ya duba takarduna ya turo mini su.

"Ai ku yanzu kun samu taku jiha. Ka tahi can."

Na tafi Birnin Kabi. Ofishin da aka nuna mini ɗaki ɗaya ne a wani gidan haya, ma'aikata suna zaune a kan benci saboda teburansu ba su iso ba. Suka karɓe ni da fara'a, suka ce fayil ɗin ɗalibai duk yana Sakkwato, in dawo idan an kawo. Na yi ta zarya tsakanin garuruwan biyu har hedimastanmu ya fara yi mini kashedi.

Sai mahaifiyata ta ce mu je wurin yayanta a Jega. Kawu babban ɗan kasuwa ne, motocinsa ke kai albasa Kudu, kuma yana da ajiya a banki. Abin da ake bukata daga gare shi takarda ce daga bankin da sa hannunsa. Na yi masa bayani cewa ina isa zan nemi ɗan aiki, ba zan dame shi ba.

Ya yi murna sosai. Ya kira abokansa da ke zaure ya nuna ni.

"Ɗan ƙanwata ne wanga. Turawa da kansu sun aiko kiranai. Ni ka tsaya mai."

Labari ya riga mu isa Aliero. Mata suka riƙa shigowa yi wa mahaifiyata barka. Mahaifina kuwa ya sayar da bijiminsa na huɗa don in yi fasfo in je Legas neman biza.

Daga nan Kawu ya fara ja. Yau manajan banki ba ya nan, gobe shi ne ya yi tafiya Anaca. Ina zuwa in zauna a shagonsa tun hantsi, ya sa in taya yaransa lodin buhuna, da la'asar ya ce in dawo wani mako. Wa'adin da jami'ar ta ba ni yana matsowa. Ranar da na gaji na durƙusa a gabansa na ce, "Kawu, in ba ta yiwuwa a gaya mini, in san inda na dosa."

Ya daɗe yana jan carbi.

"Na yi shawara," ya ce. "An ce in ka gudu can ba ka dawo ba, ni za a kama. Kuma ubanka ya tsuhwa. Wa za ya riƙe gona? Ka haƙura, kana da aikinka."

Na koma gida na faɗa wa mahaifiyata. Ta ɗauki mayafi za ta tafi Jega, mahaifina ya ce ta zauna, ba a roƙon mutum sau biyu a kan abu guda. Na rubuta wa jami'ar na nemi su ɗaga mini zuwa baɗi. Suka ɗaga. Baɗin ta zo ban samu kowa ba, suka rufe maganar. Gonarmu kuwa da bijimin aro aka yi mata huɗa.

Bayan 'yan shekaru Kawu ya aiko a kira ni. Ɗansa na fari ya gama sakandare, yana son ya je Jamus.

"Kai ka san hanyar abin," ya ce, ko kunya babu. "Ka rubuta mai."

Na ce zan yi tunani. A gida na rantse ba zan taɓa ba. Mahaifiyata ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce ba ta da wani ɗan'uwa namiji sai shi, kuma ranar da ta mutu shi zai tsaya a kan gawarta. Ta ce in yi don ita.

Na yi. Ni na rubuta wasiƙun, ni na cike takardun, ni na koya wa yaron abin da zai faɗa a ofishin jakadanci. Takardar banki ta fito a cikin satin da aka neme ta. Har tasha aka sa na raka shi, ina riƙe da jakarsa.

Ya yi karatunsa ya dawo, yanzu babba ne a Abuja. Yaron kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, duk sallah sai ya zo ya gaishe ni. Kawu ya rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba. Na je jana'izarsa, na zauna zaman makoki, ana yabon yadda ya riƙe zumunci ina amsawa da amin. Ni kuwa a Maiyama na yi ritaya, a makarantar da na fara.