Alu Mai Kai Yara Gaisuwa

Shekarar da siyasa ta dawo Alu ya jingine fartanyarsa a ƙauyensu Fassi, ya ce bayansa ya ƙi noma. Bayan dai bai hana shi durƙuso ba. Ya ɗinka babbar riga guda, ya naɗa wa kansa shugabancin taimakon matasa masu neman aiki.

Taimakon kuwa ga yadda yake. Duk Juma'a sai ya kwashi samarin da suka gama makaranta zuwa Rano, gidan wani Honarabul, su zube a zaure su yi gaisuwa. In damina ta faɗi, ya kai su gayya gonar mutumin. Su ne da bin kunyoyi da fartanya, shi ne da inuwar ɗorawa, kuma shi ake wa sannu da aiki.

Cikinsu akwai Gali, ɗan ƙanwarsa Ramlat, wanda ya yi karatun koyarwa. Yaro ne mai hannu. In ya shiga gaba a gona, sauran ba sa iya zama. Ramlat kullum sai ta tare Alu.

"Yaya, yaron nan fa girma yake yi."

"Ke dai ki yi ta addu'a. Maganarsa na bakin manya."

Wata Juma'a Honarabul ya tashi da fara'a. Ya ce an ba shi gurbin malamin firamare guda ɗaya. Ya nuna Gali da carbinsa.

"Malam Alu, wannan dogon da nake gani kullum, me ya karanta?"

Alu ya tuna dashen albasa ya kusa. In Gali ya kama alli, wa zai ja gayya? In gayya ta mutu, da wace fuska zai riƙa shigowa zauren nan?

"Ranka ya daɗe, wannan ai ɗana ne. Noma ne a jininsa, aji ƙuntata masa zai yi."

Gali na durƙushe, kansa a ƙasa. Yaro ba ya ƙaryata kawunsa gaban manya, kuma Alu ya san da haka. Honarabul ya yaba wa irin wannan tarbiyya, ya ba ɗan direbansa gurbin.

A motar Kibiya, kan hanyar komawa gida, Alu ya dafa kafaɗar Gali.

"Koyarwa ai ba girmanka ba ce, ɗana. Babba nake nema maka."

Gali ya ce, "Na gode, Kawu."

Alu ya ji daɗin ladabin yaron. Ya gyara zama, ya tuna masa dashe ranar Asabar ne, a fito da wuri.