Rigimar da Yaya Hauwa Ta Ɗauko a Asibiti

Yau shekara bakwai ke nan da Allah Ya yi wa yayata Hauwa rasuwa. Nas ce a wani babban asibiti a Camberwell, a birnin Landan. Mutane sun fi tuna ta da tuwon da take kai wa masu jego. Ni kuwa rigimar da ta ɗauko a ƙarshen rayuwarta ce ke dawo mini.

Wata mara lafiya ce sanadi. An haife ta namiji, daga baya ta sauya jinsi ta koma mace. Ranar da ta zo a duba ƙullutu a wuyanta, mai karɓar baƙi ya ƙwala mata kira da tsohon sunanta na maza. Jama'a suka zuba mata ido. Ta ɗauki jakarta ta fice. Sai bayan watanni ta dawo, sankara ta riga ta bazu. A hannun Yaya ta cika.

Da ma ana koya wa likitoci yadda za su kula da irinta da masu neman jinsinsu, amma su kaɗai. Yaya ta hana shugabanninta sakat, sai an tara kowa a ɗaki ɗaya an yi musu training, wato horo, daga likita har mai tura gado da mai kawo abinci. Cewa take yi, kafin mara lafiya ya ga likita ya riga ya bi ta hannun mutane da yawa, ɗayansu ya isa ya kore shi. Da ƙyar aka yarda.

Magana ta iso dangi. A wani suna a Deptford, gwaggonmu ta tare ta.

"Hauwa, ke mai azumin Litinin da Alhamis, me ya kai ki training ɗin 'yan luwaɗi?"

"Gwaggo, hisabi ba hannuna yake ba. Jinya aka ba ni. In sun gudu, wa zan yi wa?"

Wasu suka daina gayyatarta biki. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta fasa ba.

Abokan aikinta sun ce yanzu yawancin horon a kwamfuta ake yi, kowa shi kaɗai. Na san da tana nan da ta yi tsaki, ta sake jawo kujeru ta jera.

Ranar zaman makokin Yaya, maza biyu suka zo flat ɗinmu a Croydon, Bazazzagi da Bature, suka tsaya a bakin ƙofa. Bazazzagin ya ce a asibiti, lokacin da Yaya ta tambaye shi wanda za a kira in ciwonsa ya tashi, ya nuna Baturen nan da suke zaman tare kamar ma'aurata, fuskarta ba ta canza ba. Shi ya sa ya ci gaba da zuwa karɓar magani. Innarmu ta daɗe tana dubansu, sannan ta matsa ta ce, "Ku shigo ku zauna."

Har gobe dangi ba su daidaita a kan Yaya ba. Amma Bazazzagin nan yana raye, kuma duk Sallah sai ya zo gaida Inna. Allah Ya jiƙan Hauwa, Ya kai haske kabarinta.