Na Kai Mahauci Gidan Cin Ganye

Ana sallame sallar asuba muka bar Moshi Zango, ni da Baba, za mu Ankara, babban birnin Gana, ganin likitan zuciya. Baba ya yi shekara arba'in yana fawa a Kumasi. Wata biyu ke nan da aka hana shi jan nama da gishiri da mai, tun daga nan abinci ya zama abin faɗa tsakaninmu. In tuƙa tuwo, in kaɗa miyar ganyen ayoyo ba nama, ya yi loma biyu ya ture kwano. Rigunansa har sun fara yi masa yawa.

Hanya kam sai haƙuri. Bayan Konongo bas ɗinmu ta maƙale bayan wata tirela har na daina duba agogo. A Nkawkaw masu burodi suka yi wa mota caa, na sayi ɗaya a kuɗin da bara ake sayen biyu. Baba ya gutsura, ya riƙe sauran a hannu har Nsawam. Can ƙamshin soyayyar doya da jelar talotalo ya shigo ta taga, ya kau da kai ya rufe ido kamar mai barci. Daga nan zuwa cikin gari cunkoso ne zalla, gwiwoyina duk sun sage.

Awa uku muka yi a kan bencin asibiti, likita kuwa bai yi minti goma da mu ba. Ya ce zuciya da sauƙi, amma in wannan rama ta ci gaba sai an ba shi gado.

Bayan la'asar ƙanena da ke aiki a birnin ya ɗauke mu, ya ce zai kai mu wani gidan abincin 'yan Biyetnam a unguwar Osu. Ban da ƙarfin musu. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce sai an tambaya ko ana dafa alade. Mai wurin, wata 'yar tsohuwa mai farin gashi, ta ce ana dafawa, amma suna da abincin waɗanda ba sa cin nama kwata-kwata, kuma tukwanensa daban ne. Ta yi alkawarin rage gishiri.

Da fari aka kawo karas da latas da na'a-na'a naɗe cikin wata fatar shinkafa shara-shara, da miyar gyaɗa ta dangwale. Baba ya kalla ya ce ko akuya sai ta yi shawara. Sai ga romo a babban kwano yana tururi: taliyar shinkafa, awara, ɗoɗɗoya, ƙamshin citta da kirfa da kanumfari. Ƙanena ya ce akwai naman kaza a ciki. Baba ya gyara zama, ya sa cokali yana lalube.

"Ina kazar?"

"Baba, naman kaza nake nufi, wanda ke tsirowa a jikin icce."

Na ɗauka shi ke nan, zai ture. Sai ya matsa lemun tsami, ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Tsinken cin abinci da aka ba shi ya ajiye gefe, ya ce shi tsire ya san ana yi da wannan. Ni ko nawa ban iya ci ba, ido na zuba masa har ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye, gumi na zuba a goshinsa.

Washegari muka kamo hanya, Baba na ta barci, ni ina tunani. Wata biyu ina dafa masa abincinsa na kullum da aka zare wa rai, kowace loma tana tuna masa abin da aka raba shi da shi. Romon baƙi kuwa bai san yadda yake da nama ba, balle ya yi kewa.

Mun iso gida da azahar, ƙafafuna a kumbure. Ban kwanta ba sai da na shiga kasuwa na samo citta da kirfa da awara, na haɗa wa Baba irin romon nan. Ya sha rabin kwano, ya goge baki, ya ce tsohuwar nan ta fi ni hannu. Na ce na ji, gobe dai ya shanye.