Dodon da Ya Yi wa Budurwa Kamun Tunkiya

Clarrie Tregear mai askin tumaki ne a garin Kooralong, bahago, gajere, bayansa ya ranƙwafe tun kafin tsufa ya zo. Tumakin da ya aske ba sa lissafuwa, amma ko ɗaya ba ya taƙama da ita. Abin tinƙahonsa guda ne: wai shi ne dodon wani fim mai suna *Abin Cikin Dam*, wanda wasu 'yan birni masu ƙaramin ƙarfi suka ɗauka a wata gona can nesa da gari, lokacin yana saurayi.

Fim ne da ko masu shi ba su kalla sau biyu ba. Da tsohuwar dardumar otal aka ɗinka dodon, aka maƙala masa fitilun tarakta a matsayin idanu, sannan aka manta da sunan Clarrie a cikin jerin sunayen 'yan wasa. Don haka kaf garin ba wanda ya yarda da shi.

Shaidarsa ɗaya ce tal, Noelene, budurwar da dodon ya cafke a fim ɗin, wadda daga baya Clarrie ya aura. Ita kuwa tsokana ta mai da abin. In an tambaye ta sai ta ce, "Ni fa ban ga fuska ba. Warin tunkiya dai na ji." Haka ta yi ta ja masa rai har ta rasu, kuma tun daga ranar maganar ta daina ba shi dariya.

Des Hannaford, abokin askinsa, bai taɓa raga masa ba. Kullum a mashaya sai ya ce, "Dodo, a ƙaro maka giya, ko sai ka fara cin mutum tukuna?"

Ana nan sai wata malamar makaranta mai son tsofaffin finafinai ta tono fim ɗin, ta ce za a haska a zauren gari ranar Asabar da rana. Clarrie ya ɗaura taye a wuya ya zauna a gaba, ba ya sa ran za a gane shi, don ya san ba inda fuskarsa ta fito.

Dodo ya taso daga ruwa, fitila ɗaya ta mutu, darduma na ɗiga. Zauren ya kece da dariya. Ga Noelene tana gudu, dodo ya tarar da ita. Maimakon ya shaƙe ta kamar kowane dodon kirki, sai ya tallabi haɓarta, ya murɗa, ya zaunar da ita daɓas tsakanin gwiwoyinsa, ya miƙa hannun hagu sama yana laluben injin aski.

Tsofaffin masu aski suka daina dariya. Can Des ya ce, "Duk yankin nan bahago ɗaya ne ke kamun tunkiya haka. Ashe tsohon banzan nan gaskiya yake faɗa."

Aka ɗau tafi, ana bubbuga kafaɗar Clarrie. Shi ko waiwayowa bai yi ba. 'Yan fim sun ɗora wa Noelene ihun wata mata daban, amma bakinta dariya yake yi, kuma daga motsin leɓenta kowa ya ga sunan da take kira.

Clarrie ya share ido da tayensa ya ce wa malamar, "'Yata, ɗan maido min da wurin nan baya."