Juma'ar da Rakiya ta katse rezo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar matata Rakiya, Allah Ya jiƙanta. Duk lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabashin Magaria sai ta faɗo mini a rai, don a irin wannan lokaci ne ta yi abin da ya sa rabin gari suka zage ta. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ban san komai a kan ordinatar, wato kwamfuta, ba sai kunnawa da kashewa. Abin da zan faɗa a bakinta na ji shi, wani kuma da idona na gani.

Rakiya ita ce mai kula da ordinatoci a biro, wato ofis, na wata haɗakar koperatib ta manoma. Ta wannan biro ake raba irin gero da na wake ga manoman Dungas da Waca da Dantchiao kafin ruwan farko. Manomi ya sami saƙo a salularsa, ya je magazan inda ake ajiye irin, a duba sunansa a inji, a auna masa. In injin ya tsaya, rabo ya tsaya. Damina kuwa ba ta jiran kowa.

Ran Juma'a maza duka suna tafiya masallaci, biro ya zama wayam. Ita tana zama, ta yi azahar ɗinta a kan tabarma kusa da tebur, ta duba wa ya shiga inji, wa ya fita. Nakan tsokane ta in ce ta zama maigadin ƙarfe. Takan ce ɓarawon ordinatar ba ya fasa ƙofa ranar farko, leƙe yake yi, kuma a lokacin leƙen ake kama shi.

Wata Juma'a ta ga an shiga injin da kod, wato lambar sirri, ta Alhaji, shugaban haɗakar, daidai lokacin huɗuba. Ba a ɗauki komai ba, an dai buɗe nan, an buɗe can, an fita. Da na dawo gida ta tare ni tun a zaure.

"Malam, Alhaji ya je masallaci yau?"

"Kafaɗa da kafaɗa muka yi sahu," na ce. "Har gyangyaɗinsa na gani."

Ba ta yi dariya ba. Matsalar ita ce kowa a biro ya san kod ɗin Alhaji. Dattijo ne mai kunya, in ka roƙe shi ba ya iya cewa a'a, kuma a wurinmu hana abokin aiki kod kamar ka kira shi ɓarawo ne a fuskarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta yi masa magana, ya ce ƙila wani daga cikin ma'aikata ne, ta bari a gama rabon iri tukuna.

Juma'ar da ta biyo mai leƙen ya dawo, daga wata ƙasa da ba mu da ko dangi a can. Wannan karon ya buɗe wa kansa sabon suna a cikin injin, ya fara ajiye wani abu. Ta kira Alhaji, salula a kashe, liman na kan mumbari. Ta kira ni, haka. Sai ta miƙe ta zare igiyar rezo da ke haɗa injin da intanet, ta kashe babban injin, ba da izinin kowa ba. Washegari ne za a fara rabo.

Kai, ranar na ga tashin hankali! Kamiyo, babbar motar kaya, cike da iri a ƙofar magazan, manoma sun biya kabu-kabu tun daga ƙauye, sama ta yi baƙi, an ce musu su koma. Wasu suka ce mace ta ɓata inji tana neman abin fakewa. Alhaji ya zo gidanmu ransa a ɓace, ya ce in ruwa ya sauka iri na cikin buhu, me zai faɗa wa mutane? Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce: "Baba, ruwa ba ya tsami banza. Ka ba ni kwana kaɗan. In na yi kuskure, ka sallame ni." Ni kaina na ji tsoro, wallahi, kuma na faɗa mata. Ko tuwo ba ta iya ci ba a kwanakin nan.

Masana suka zo daga Damagaram suka bincika. Abin da aka ajiye, da ya tashi, zai kulle komai, sunayen manoma da na magazan, sai an biya fansa, in ma an buɗe ke nan. Ta wani saƙo mai leƙen ya sami kod ɗin Alhaji ya shigo, saƙo mai kama da na masu ba da tallafi. Suka wanke injin, aka ba kowa kod ɗinsa, Alhaji da kansa ya fara canza nasa a gaban jama'a. Aka raba iri, ruwan shuka ya sauka bayan an gama. Bayan damina biyu ciwo ya ɗauke ta.

Yau nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Yanzu ana kwaikwayon muryar mutum a aiko maka saƙo, ka rantse yayanka ne ke magana. Na san za ta riƙe baki. Amma na san za ta ji daɗin wasu abubuwa. A biro ɗin nan mata biyu ke aikinta, injin da kansa yana ƙara in an shiga a lokacin da ba a saba ba, kuma an ba mai tsaro izinin katse rezo ba sai ya jira shugaba ba. Har a lakwal ɗinmu, malami ya hana ka kod ɗinsa ku ci gaba da shan shayi tare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da kunya ke gaba da komai.

Me ya rage nata? Ba a sa sunanta a bango ba, kuma irin aikinta in ya yi kyau ba mai jin labarinsa. Watan jiya a kasuwar Dungas na tsaya wurin wani dattijo mai sayar da wake. Na yaba ƙwayar, ya ce ai irin koperatib ne na wata shekara da aka ɓata musu rai aka mai da su gida, tun daga nan yake ajiye shi yana shukawa, da shi ya ciyar da gidansa har ya ga jikoki. Ya ƙara da cewa wata mata ce ta jawo musu jinkirin, Allah Ya shirye ta.

Na buɗe baki zan ba shi labari, sai na ga ba ya bukata. Na ce masa ta rasu. Ya ajiye tiyar da ke hannunsa, ya ɗaga tafukansa ya yi mata addu'a, ya ce ya yafe mata duniya da lahira. Na shafa tare da shi.