Haƙoran Gidan Su Magret

Duk wanda ya san Magret a unguwar Hor Al Anz ta Dubai ya san ta da hannu a baki. In za ta yi dariya, hannun kan riga dariyar isowa. Matan da suke kwana ɗaki ɗaya da ita har tsokanarta suke yi, wai zinariya take ɓoye musu. Ina fa zinariya. Haƙoranta na gaba ne ke da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, kamar an zubar da shayi a farin mayafi.

A ƙauyensu, can bayan Kaltungo, wannan ba abin magana ba ne. Haka na fasto suke, haka na mai unguwa, haka na yarinyar da samari ke layi a ƙofar gidansu. Haƙorin gida suke ce masa. Yaro in ya yi famfara sababbi suka fito da ɗigon, kakarsa kan buɗe bakinsa ta duba, ta ce jini bai ɓata ba. Mai fararen haƙora tas kuwa, ko ba a tambaya ba, an san baƙo ne.

Bayan rasuwar mijinta ne Magret ta taho Dubai, ta bar 'yarta Chastity, wadda ba a daɗe da yayewa ba, a hannun mahaifiyarta. Wanke-wanke ta samu a kicin ɗin wani ƙaramin otal a Deira, inda 'yan kasuwar Kano ke sauka. Lokacin korona ne, kowa da takunkumi a fuska. Da manaja ya ga Hausarta na kwance masa rigimar baƙi, sai ya fito da ita gaba tana kai abinci.

Nan fa Magret ta zama Magret. Ta san Alhajin da likita ya hana sukari amma yake roƙon a ƙara masa cokali ɗaya, ta san Hajiyar da ba ta cin shinkafa sai da yajin da ta ƙullo daga gida. Tana zolaya, tana ƙyalƙyala dariya a bayan ƙyalle, ba mai ganin komai sai idanunta. Annobar da ta takura wa duniya, ita sakewa ta yi a cikinta, kuma abin da take aikawa gida ya ƙaru.

Ranar da aka ce kowa ya cire takunkumi, ma'aikata suka yi ta murna, ita kuwa ta kai hannu ta rufe baki. Manaja ba mugu ba ne. Gefe ya ja ta, yana ta kauce wa kallon bakinta, ya ce mai tarbar baƙi dole ya yi murmushi. Ko ta gyara kafin ƙarshen wata, ko ta koma kicin.

Hajiya Sabuwa, wata mai safarar abaya da turare zuwa Kano, ita ta tarar da ita tana share hawaye a bakin matakala. Ta sa ta buɗe baki, ta leƙa sau ɗaya, ta yanke hukunci.

"Goro ne ya yi miki haka, 'yata. Gawayi da lemon tsami, safe da yamma. Kafin kayan da na sa a cargo su isa Kano, khalas, shi ke nan, sun yi fari."

Magret ba ta taɓa sa goro a baki ba, amma ba a yi mata tarbiyyar musu da babba ba, kuma Hajiya da zuciya ɗaya ta faɗa. Ta roƙi gawayi wurin mai gasa nama a kicin, ta daka shi da gindin kofi, ta matsa lemon tsami, ta dinga dirza har dasashinta ya yi jini. Ɗigon ko gezau. Abin da ta samu kawai, ruwan sanyi in ya taɓa haƙorin sai ta ji shi har tsakar ka.

Ciwon ne ya kai ta wurin wata likitar haƙori a unguwar Karama, Ba'indiya mai furfura. Magret ta zaci za a tambaye ta ko tana goge baki, har ta shirya jin kunya. Sai likitar ta tambaye ta ruwan me ta sha tana ƙarama. Ta ce na rijiyar da mahaifinta ya haƙa.

Likitar ta yi mata bayani a hankali. Tabon goro da shayi da taba a saman haƙori yake zama, wanki na fitar da shi. Na ruɓewa kuma rami yake yi. Nata daban ne. Akwai duwatsun da ke saka wa ruwa wani sinadari, fuloraid, wanda kaɗan ɗinsa na ƙarfafa haƙori, amma in ya yi yawa sai ya ɓata shi tun yana ginuwa a cikin dasashin yaro. Ba datti ba ne, ba gado ba ne, kuma lemon tsamin nan cinye mata haƙori yake yi. Za a kankare saman kaɗan, a shafa maganin haskakawa, inda ya yi zurfi a rufe da farin ciko.

Sannan ta tambaye ta ko tana da yara, kuma ruwan me suke sha. Magret ta hango Chastity a ranta riƙe da moɗa a bakin randa, hankalinta ya tashi fiye da ranar da manaja ya kira ta.

Kafin wata ya ƙare an gama aikin. Manaja ya bar ta a gaba. Hajiya Sabuwa kuwa har yau gawayinta take yabo, Magret ba ta gyara mata ba.

Ranar Lahadi, da ta dawo daga coci, ta kira gida ta bidiyo. Ta yi wa mahaifiyarta murmushi, hannayenta duka a cinya. Tsohuwar ta matso da wayar kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Magret, wa ya wanke mu daga bakinki?"

Maganar ta soke ta ƙwarai. Duk da haka ta daure ta faɗi abin da likita ta ce, ta roƙa a daina ba Chastity ruwan rijiya, a tarar mata na sama ko a sayo na leda.

"Rijiyar babanki ce fa," in ji tsohuwar. Amma ta ce ta ji.

Da sati ya zagayo Magret ta sake kira. A bayan mahaifiyarta ta hango sabon shuɗin duro a ƙarƙashin indararo, an ɗaure bakinsa da farin ƙyalle. Ba wadda ta ambace shi. Suka yi hirar gyaɗa da ciwon gwiwa, Chastity ta yi wata ɓarna suka tuntsire da dariya tare, tsohuwar da haƙoranta na gida a waje.

A Deira yanzu Magret na dariya da kowa, baki buɗe. In ta kira gida ne kaɗai hannun ke komawa bakinta.