Anti Tela Da Ƙwayar Ƙarfe Goma

Shekara talatin ke nan Anti Tela tana taka keke a shagonta na bakin kasuwa, kuma ba a taɓa jin ta ce "ban gama ba". Ko yadinka yana nan a leda yadda ka kawo shi, cewa za ta yi, "Ai an gama, saura guga." Zama haka kawai ba ya cikin tsarinta. Ƙafa kan keke, almakashi a hannu, ido kan titi.

Da aka gano tana da sankarar mama aka yi mata aiki, sati uku ta kwanta, shi ma da ƙyar da jan ido. Likita ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum har shekara biyar, don kada ciwon ya dawo. Nas ta saka mata manhaja a waya: ƙarfe goma na safe za ta yi ƙara, in ta sha maganin ta danna kore, can asibiti su gani; in ba ta danna ba, su ga ja.

To, ƙarfe goma kuwa lokacin aiki ya kankama. Wayar na yin ƙara sai ta danna kore da gefen yatsa, ta ce bari dai ta kai ƙarshen layin nan. Daga layi sai hannun riga, daga hannu sai zif, har rana ta faɗi.

Ranar komawa asibiti nas ta tarbe ta da fara'a. "Anti, wata guda cur kore! Kin fi kowa." Ta karɓi robar maganin ta girgiza, fara'ar ta ɗauke. Ta zazzage a faranti. Cikin talatin, saura goma sha tara.

"Haba Anti! Ni ma halin telolin za ki yi mini?"

"Wallahi da niyyar sha nake dannawa, 'yata."

"Da kin bar shi ja, da tuni na kira ki. Ciwon nan ba ya jiran guga."

Anti Tela ta fito, hannunta dafe da rigar da ta ɗinka wa kanta, wadda ta cusa wa auduga ta gefen hagu, inda aka yi aikin. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata.

Washegari ƙarfe goma tana tsakiyar ɗinki, wata mai kaya na tsaye a kanta, wayar ta yi ƙara. Ta ɗage ƙafa, ta bar allura cikin yadi. Ta haɗiye ƙwayar da ruwa, sannan ta danna.

"Anti, kayana fa?"

"Ban gama ba," in ji ta. "Samu wuri ki zauna."